Hangen Dutsen Zuma Ba Shiga Abuja Ba Ne: Tarihin Masu Ƙaura Don Neman Sauƙi

Gabatarwa

Tambayar farko da ke fitowa daga bakin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ita ce, "To, a ina zan zauna?" Amsar da abokan aikinsa kan ba shi kuwa, sau da yawa sunan wani gari ce da ba ya cikin birnin, wani lokacin ma ba ya cikin Yankin Babban Birnin Tarayya gaba ɗaya. Wani a ce masa ya nemi ɗaki a Suleja ko Madalla cikin Jihar Neja, wani a nuna masa Mararraba ko Masaka cikin Jihar Nasarawa, wani kuma a ba shi shawara ya bar iyalinsa a Kaduna ya riƙa leƙa su duk ƙarshen mako. Mun saba jin haka har ya zame mana jiki, kamar dama can haka wurin yake. Alhali kuwa abu ne mai tarihi, wanda ya faro daga 1976, kuma akwai shawarwarin da hukumomi suka yanke ɗaya bayan ɗaya waɗanda suka kawo shi.

A wannan maƙala za mu bi sawun wannan tarihi, mu ga abin da ke sa magidanci ya tattara komatsansa ya bar birni mai tsada ya koma inda yake zaton zai sami sauƙi, sa'annan mu duba abin da sauƙin kan ci masa daga baya. Mun zaɓi Abuja ne saboda birni ne da aka gina a kan idon iyayenmu da namu, don haka ana iya ganin mafarin kowane abu tare da shekararsa.

Gwamnati Ce Ta Fara Ƙaura

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ita kanta Abuja 'yar ƙaura ce. Tun daga 1914 da Turawan mulkin mallaka suka haɗe Kudu da Arewa, Legas ce hedikwatar Nijeriya. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin man fetur suka shigo ƙasa da yawa, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, sai jama'a suka yi ta kwarara Legas daga kowace kusurwa. Gari ne kuwa da ruwa ya tsare, ga teku ga fadamu, babu isasshen filin da zai buɗa. Gidan haya ya yi wuya, hanyoyi suka cushe, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa wata da watanni ba a sauke su ba. A 1977 sai da hukuma ta raba wa motoci ranakun fita bisa ga lambar da ke jikinsu, wasu su fita yau, wasu sai gobe.

A cikin wannan hali ne Janar Murtala Muhammed, a watan Agusta na 1975, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da ɗaukar gwamnati biyu, wato ta Tarayya da ta jiha. Kwamitin ya ba da shawarar a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, inda akwai yalwar fili, kuma inda babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar da zai ce nasa ne. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da amincewar gwamnati, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekara, aka yanko ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana goma bayan wannan sanarwa aka kashe shi. Idan muka lura, abin da gwamnati ta yi bai bambanta da abin da magidanci yake yi ba idan gida ya yi masa ƙunci: ta bar inda ta takura, ta nufi inda ƙasa take a yalwace.

Garin Da Ya Ba Da Sunansa

Kafin a aza tubali ko ɗaya na sabon birnin, akwai wani gari mai suna Abuja. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu zuwa yankin Zuba. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka riƙa kiran garin da sunansa. Da aka tashi gina babban birni, wannan masarauta ce ta ba da kaso mafi tsoka na ƙasar, ta kuma ba da sunan. Shi kuwa tsohon garin aka sake masa suna Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda yake kan gado a lokacin.

Bugu da ƙari, a Suleja ne hukumar da aka ɗora wa gina birnin ta fara kafa sansaninta, domin a shekarun farko nan ne kaɗai ake samun gida da kasuwa da asibiti a kusa. Injiniyoyi da akawuna da direbobi da 'yan kwangila a nan suke kwana, da safe su wuce ta gindin Dutsen Zuma su shiga daji inda ake sharar filin birnin. Ke nan tun ran gini Suleja ta zama makwancin masu aikin Abuja, kuma ba ta daina ba.

Su kuwa mazauna yankin na asali, wato Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu, da farko an shirya a kwashe su duka a sake musu matsuguni a wajen yankin. Da aka ƙiyasta kuɗin da diyya za ta ci, sai gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara a 1978, aka ce waɗanda gini ya taɓa ne kawai za a tayar. Daga wannan shiri ne aka sami garuruwa irin su Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna da Sabon Karu a kan hanyar Keffi. Waɗannan su ne masu ƙaura na farko daga Abuja, kuma ba a nemi ra'ayinsu ba.

Taswirar Da Ta Manta Da Lebura

A 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka ya kammala babbar taswirar birnin, wani mashahurin mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. An ƙiyasta birnin zai ɗauki mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, kuma iyakarsa ta ƙarshe mutum miliyan uku da 'yan kai. Kashin farko na ginin ya ƙunshi tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. A kan takarda an tanadi gidajen masu ƙaramin ƙarfi, an kuma ware hanyoyi na musamman don sufurin jama'a. Amma da aka zo aiki, ofisoshi da gidajen manya aka sa gaba. Birkiloli da kafintoci da leburorin da suka gina birnin aka yi musu sansani a Nyanya, a can bakin iyaka, da nufin wuri ne na wucin gadi wanda za a tashe shi idan aiki ya ƙare.

Wannan tsari yana da asali a zamanin Turawa. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, har aka riƙa barin fili mai faɗin yadi 440 a tsakaninsu ba gini. A Kaduna da Zariya, manya suna can cikin inuwar itatuwa, masu yi musu hidima suna Sabon Gari da Tudun Wada. Abuja ta gaji wannan fasali, sai dai a wurinta farashin fili ne ya tsaya a matsayin wancan fili na yadi 440.

Shugaba Shehu Shagari ya matsa a hanzarta aikin, har aka yi bikin ranar 'yancin kai na 1982 a Abuja. Bayan nan tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage darajar naira, gini ya yi tafiyar hawainiya. Sai yunƙurin juyin mulki na 22 ga Afrilu 1990, wanda aka kai hari har Barikin Dodan inda Janar Babangida yake zaune a Legas. Ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta tare a Abuja, ma'aikatu suka biyo baya cikin gaggawa, tun gidajen da za su ɗauki ma'aikatansu ba su kammalu ba. Ƙidayar 1991 ta nuna mutanen yankin ba su kai 400,000 ba. Zuwa ƙidayar 2006 sun haura miliyan 1.4, kuma wannan adadi bai haɗa da masu kwana a Suleja da Mararraba ba, domin su a wasu jihohi aka ƙidaya su.

Dalilan Da Ke Tayar Da Mutum

Idan muka bi abin da ya faru daga 1991 zuwa yau, za mu iya tsamo dalilai shida da suka fi tayar da mutane daga cikin birnin zuwa garuruwan da ke kewaye.

Na farko shi ne kuɗin haya da yadda ake karɓarsu. Ma'aikaci wata-wata yake ɗaukar albashi, amma mai gida kuɗin shekara guda yake nema a dunƙule, wani ma na shekara biyu, ga la'adar dillali wadda yawanci kashi goma ce cikin ɗari, ga kuma ta lauyan da zai rubuta yarjejeniya. Alal misali, a 2011 da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 18,000, abin da ƙaramin ma'aikaci zai samu a shekara shi ne naira 216,000, wanda ko kusa bai kai hayar gida mai ɗaki biyu a Wuse ko Garki ba, ko da kuwa ba zai ci ba, ba zai sha ba. An ƙara albashin zuwa naira 30,000 a 2019, sa'annan 70,000 a 2024, amma kowane ƙari yakan tarar haya ta riga ta yi gaba. A lokaci guda kuma akwai manyan gidaje a Maitama da Asokoro da ke rufe shekara da shekaru babu kowa sai maigadi, domin masu su ajiyar dukiya suka yi da su, ba su matsu da ɗan haya ba.

Na biyu, wanda a ganinmu ya fi kowane ƙarfi, shi ne burin mallakar muhalli. Dokar 1976, wadda tsarin mulkin 1999 ya ƙarfafa a sashe na 297, ta damƙa dukkan ƙasar Yankin Babban Birni a hannun Gwamnatin Tarayya. Ma'ana, minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili, kuma duk cinikin da mutum ya yi da mai gona ko mai unguwa a cikin yankin, a idon doka kamar bai yi ba ne. Amma da zarar ya tsallaka iyaka zuwa Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ko zuwa Suleja da Tafa ta Jihar Neja, sai ya tarar ana sayen fili daga hannun masu gonaki a gaban dagaci da shaidu. A nan malamin makaranta ko ɗan sanda zai iya ɗaukar adashi ya sayi fegi, baɗi ya buga bulo, shekara ta gaba ya tayar da ɗaki biyu ya rufa kwano ya tare, sauran a ƙarasa a hankali. Irin ginin da talakan ƙasar nan ya sani ke nan tun kaka da kakanni, kuma shi ne irin ginin da dokokin birnin ba su yarda da shi ba. Wannan bambancin doka tsakanin gefe biyu na iyaka ɗaya shi ya mayar da ƙauyukan hanyar Keffi gari guda mai tsawon kilomitoci.

Na uku shi ne janyewar gwamnati daga ba ma'aikata gida. A 2003 gwamnatin Shugaba Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alfarmar ma'aikata kuɗi, wato a daina ba mutum gida da mota, a ƙara masa wani abu a albashi ya nema wa kansa. Daga 2005 aka shiga sayar da gidajen gwamnati da ke Abuja. Waɗanda suka iya biya sun zama masu gida. Waɗanda suka kasa sun fita. Wasu kuma sun saya da taimakon mai kuɗi, suka sayar masa, suka ɗauki ribar suka yi gini a bayan gari.

Na huɗu shi ne rusau. Tun shekarun 1990 waɗanda suka rasa wuri suka cika ƙauyukan da birni ya cinye, suna sayen 'yan filaye daga hannun 'yan asalin wurin. A zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, hukuma ta ɗauki aniyar mayar da birnin bisa taswirarsa ta asali, aka rushe unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika, dubun-dubatar mutane suka rasa matsuguni. Masu goyon bayan aikin sun ce ba don shi ba da Abuja ta koma irin Legas ɗin da aka gudo. Waɗanda abin ya shafa kuwa sun ce an kore su ba a nuna musu inda za su ba. Ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne: jama'a suka kwarara Mararraba da Masaka da Madalla da Suleja, kuma har waɗanda katafila ba ta taɓa ba suka koyi cewa kwanciyar hankali tana inda ba za a wayi gari a ga jan fenti a bangon gidan mutum ba.

Na biyar shi ne 'yancin sana'a. A 2006 an hana acaɓa a cikin birnin, kuma dama talla a bakin titi da kafa rumfa a ƙofar gida laifi ne da ake kamawa a kansa. Mai shayi da mai gyaran takalmi da mai ƙosai da mai yankan farce ba su da gurbi a taswira, alhali birni ba ya tafiya sai da su. Matar aure da ke taimakon gida da ɗan kulle-kullen kayan miya ko ɗinki tana bukatar unguwa mai jama'a, inda yara za su shigo su saya. Wannan yana samuwa a Suleja, ba ya samuwa a bene hawa na uku a Garki.

Na shida shi ne sauyin shekaru. Saurayi zai iya raba ɗaki da abokai uku, amma da ya yi aure, 'ya'ya suka zo, ƙanne suka biyo shi daga gida don neman aiki, sai lissafi ya canza. Cefane ya fi sauƙi a kasuwannin ƙauye inda manoma ke kawo doya da hatsi da kansu, kuɗin makaranta ya fi sauƙi, ga maƙwabta masu yare ɗaya da za su taya biki su taya zaman makoki. Ranar da ma'aikaci ya yi ritaya kuma, fansho ba zai riƙe hayar birni ba, don haka ko ya koma ɗan ginin da ya yi a bayan gari, ko ya nufi garinsu.

Abin Da Araha Take Ci

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin da mutum ya tsira da shi daga hannun mai gida, yakan biya shi ta wasu ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce lokaci. Daga Mararraba zuwa tsakiyar birni bai kai kilomita 20 ba, amma da yake hanya ɗaya ce kowa yake bi ta gadar Nyanya da gangaren Kugbo, tafiyar kan ci awa biyu da safe, ta ci wasu biyun da yamma. Magidanci ya fita kafin 'ya'yansa su farka, ya dawo bayan sun yi barci. Idan muka ce awa huɗu kullum a kwana biyar na aiki, awa ashirin ke nan a mako, wato rabin lokacin aikin da ake biyansa albashi a kai. An buɗe jirgin ƙasa na cikin birni a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a 2024, amma layinsa ya nufi filin jirgin sama da Kubwa ne, bai bi ta Nyanya da Mararraba inda jama'ar suka fi yawa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce kuɗin mota da na abubuwan da hukuma ba ta kawo ba. Duk lissafin zama a bayan gari an gina shi ne a kan man fetur mai araha. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000. Nan take kuɗin mota ya cinye ribar da ake samu a haya, har wasu ƙananan ma'aikata suka koma kwana a ofis ko a shagon aboki daga Litinin zuwa Alhamis. Ban da wannan, garuruwan sun girma ne ba tare da shata tituna da magudanun ruwa ba, don haka mazauninsu yana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, yana haɗa kuɗi da maƙwabta a sayi taransifoma, yana kai yaro makarantar kuɗi. Su kuma gwamnatocin Neja da Nasarawa sun daɗe suna kukan cewa su ke ɗauke da nauyin jama'ar da ƙarfinsu da guminsu a Abuja suke ƙarewa.

Ƙofa ta uku ita ce tsaro. Ranar 14 ga Afrilu 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya da sassafe, daidai lokacin da ma'aikata suka taru suna jiran motar shiga birni, ya kashe sama da mutum 70. Ranar 1 ga Mayu wani ya sake tashi kusa da wurin. Shingayen binciken da aka kafa bayan haka sun ƙara wa tafiyar tsawo. Waɗanda tsada ta tura bakin iyaka su ne suka fi kowa zama a fili.

Gida Biyu

Akwai wani rukuni da suka zaɓi wata dabara, bisa karin maganar da ta ce gida biyu maganin gobara. Su ne masu ajiye iyali a Kaduna ko Zariya ko Minna ko Kano, inda suke da gidan kansu ko haya mai sauƙi, su kuma su yi zaman gwauro a ɗaki guda a Abuja. Shi ya sa duk ranar Juma'a da rana hanyar Kaduna take cika da motoci, ranar Lahadi da yamma ko Litinin da asuba ta sake cika. Da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar, jirgin ƙasan da aka buɗe a watan Yuli na 2016 tsakanin Idu da Rigasa, mai tafiyar kilomita 186, ya zama mafita. Sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an kai wa jirgin hari, aka kashe wasu fasinjoji, aka sace da dama, jirgin bai koma aiki ba sai watan Disamba na shekarar. Wannan dabara takan tsirar da aljihu, amma nauyinta a kan matan da aka bar wa tarbiyyar yara su kaɗai yake sauka, da kuma auren da ya koma na kwana biyu a mako.

Araha Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

Darasi mafi girma da wannan tarihi yake koyarwa shi ne, masu bin araha su ne ke kai tsada inda suka je. Nyanya da aka gina don leburori ta cika ta yi tsada, aka tsallaka Mararraba. Mararraba ta cika, aka matsa Ado da Masaka, daga nan Auta Balefi, har gine-gine suka doshi Keffi. A ɗaya ɓangaren, Kubwa da a da ake yi wa kallon ƙauye ta zama wurin masu hali, aka matsa Zuba da Madalla da Suleja, har zuwa Sabon Wuse. Wanda ya riga zuwa ya sayi fili da 'yan kuɗi kaɗan shi ya ci riba, har ya zama mai gidan haya. Wanda ya zo bayan shekara goma, ɗan haya ya tarar da kansa kamar yadda ya baro, sai dai an ƙara masa nisa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, wato mutanen da aka tarar a wurin. Manomin da ya sayar da gonar doyarsa fegi-fegi ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, amma kuɗin sun ƙare, gonar kuma ba ta dawowa, 'ya'yansa sun tashi babu inda za su noma. Ɗan asalin Suleja da bai taɓa karɓar albashin Abuja ba, shi ma dole ya biya haya da cefane a farashin da masu albashin Abuja suka tayar. Sauƙin da baƙo ya zo nema ya zama tsada ga ɗan gari.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa mutum ba ya barin birni mai tsada don dalili guda. Haya takan fara tunzura shi, amma abin da ke yanke masa shawara shi ne neman wurin da zai kira nasa, wanda ba za a rushe ba, inda matarsa za ta yi sana'a, kuma inda zai iya zama bayan albashi ya tsaya. Waɗannan bukatu ne na gaskiya, kuma dubban iyalai da suka yi wannan ƙaura a shekarun 1990 yau suna zaune cikin gidajensu, sun aurar da 'ya'ya a ciki.

Sai dai wanda yake shirin yin ta yau ya kamata ya yi lissafi irin wanda tarihin nan ya nuna. Ya haɗa kuɗin haya da kuɗin mota na shekara guda kafin ya kwatanta, ya kuma tambayi kansa ko lissafin zai tsaya idan man fetur ya sake ninkawa. Ya ƙirga awoyin da hanya za ta ci masa. Idan fili zai saya, ya san a wane gefen iyaka yake, da kuma wace hukuma ce ke da ikon ba shi takarda a kansa. Su kuwa hukumomi, shekarun da suka shuɗe tun daga 1976 sun isa su nuna cewa korar masu ƙaramin ƙarfi daga tsakiyar birni ba ta rage yawansu, tana ƙara musu tafiya ne kawai. Muddin ba a ware filaye masu takarda da talaka zai iya saya a cikin yankin ba, kuma ba a shimfiɗa layin dogo a hanyar Keffi da ta Suleja ba, masinja da direba da malamar asibiti da ke riƙe da birnin za su ci gaba da shigarsa da asuba suna barinsa da magariba.